Tsohuwar da Ta Ɗebi Sawuna

Ba zan taɓa mantawa ba, ko da tsufa ya kwashe mini komai, da waiwayen da na yi a bakin rafin nan. Na riga na haye, na hau tudu ina kaɗe zanena, sai na ji a jikina kamar akwai mutum a bayana. Ina juyawa na hango wata tsohuwa a durƙushe daidai inda na taka. Ta sa yatsa a cikin sawuna ta ƙwaƙulo ƙasa, ta murza, ta kai hanci, sannan (har yanzu in na tuna sai tsigar jikina ta tashi) ta ɗanɗana da harshe. Ta tsinko ganye ta ƙunshe ƙasar, ta soke a ƙugunta. Da ta ɗago muka haɗa ido, sai ta yi mini murmushi.

Ban san lokacin da na cire takalmi na riƙe a hannu ba. Na dai tsinci kaina a ƙofar gidan Goggo ina haki.

Bari in koma baya kaɗan don ku san irin mutuniyar da abin ya sama. Sati uku ke nan da faruwarsa. Bana na gama sakandare. Ina zaune a gida a Birnin Gwari ina jiran sakamako, sai Baba ya ce in tafi ƙauyen ƙanwarsa, Goggo Hajo, can wajen Randagi, in taya ta aikin bikin 'yarta Asabe. Na tafi saura sati biyu biki, da akwatina na ƙarfe, da littattafai biyu da ban ko buɗe ba, da takalmi mai tsini da na saya a Kaduna. A ƙauyen kaf ba macen da ta yi makarantar boko mai zurfi, don haka Malama suke kirana, ni kuwa ina amsawa da hanci sama.

Kuma ina da baki a kan abin da ban sani ba. A makaranta ni ce na tsaya a muhawara na ce boka da ɗan bori da maye da malamin tsibbu duk abu ɗaya ne, jahilci ne ya sa masu riga daban-daban. Aka tafa mini. Baturiyar da ke koya mana Turanci ta ce in yi a hankali, wai ko a ƙasarsu akwai masu kiran kansu mayu a zamanin nan, kuma su ma kashi-kashi ne: wasu sai an shigar da mutum ƙungiya da rantsuwa, wasu kowa shi kaɗai yake abinsa, wasu ganyaye kawai suka sani, wasu kuma farin wata da itatuwa suke girmamawa, kuma in ka haɗa su wuri guda sai rigima. Muka yi ta dariya a ɗakin kwana, wai Turawa ma sun rasa abin yi.

To, ranar da abin ya faru Goggo ce ta aike ni kai goron gayyata wata unguwa da ke hayin rafi. Ta ce in bi babbar hanya, ta ce in sa takalmin roba. Na sa mai tsinina, na yafa sabon gyalena, a dawowa kuma na yanke ta cikin kurmi wai ni mai dabara, ina ture rassa da igiyoyin daji da kafaɗa. A bakin rafi tsinin ya nutse cikin taɓo har dunduniya, da ƙyar na zaro shi. Ramin da ya bari ke nan tsohuwar ta durƙusa a kai.

Kafin la'asar ƙaiƙayi ya fara. Wuya, kafaɗu, gadon baya, damatsa. Irin ƙaiƙayin da in ka sosa sai ya zama wuta. Na shiga ɗakin Asabe na rufe ƙofa na yi ta susa da bakin mataji har fatar ta yi ja, ta tattashi. Nan take duk muhawarar da na ci ta gudu ta bar ni. Abin da ya rage a kaina shi ne labaran da 'yan ɗakinmu ke bayarwa a makaranta, na wadda aka ɗebi sawunta ta rame ta bushe, kwana bakwai aka kai ta makwanci. Na ce shi ke nan, mayya ta kama ni.

Kun san abin da mai hankali za ta yi: ta gaya wa Goggonta. Goggo ungozoma ce, rabin ƙauyen ita ta yanke masu cibiya, ba ciwon fatar da ba ta gani ba. Amma da wane baki? Shekaranjiya na yi mata wa'azi a kan layar da ta rataya wa jikanta a wuya. Sai na rufe jikina ruf, na ce zazzaɓi ne ke ɗan taɓa ni.

Wani abu kuma ya ƙara tabbatar mini. In ina cikin gida da tsohon zanen Asabe ina surfe ko tankaɗe, sai ƙaiƙayin ya lafa. Da zarar na shirya na yafa gyale zan fita, sai ya taso kamar an watsa mini barkono. Na zauna na yi lissafi irin na 'yar boko, na gano cewa ƙarfin tsohuwar bai shiga gidan Goggo, a waje yake jirana. (Ina roƙonku ku riƙe dariyarku, akwai sauran hanya.)

Kwana na uku na saci jiki na tafi zauren Malam Garba, mai karantar da manya bayan azahar. Na tsuguna daga bayan ƙofa na gaishe shi, na faɗa masa an ɗebi sawuna. Ya yi salati, ya yi mini addu'a mai tsawo, ya wanke allo ya ba ni rubutu a ƙoƙo. Ni da nake cewa tawada ce da ruwa, na shanye har da lashe baki. Sannan na ce, "Allah gafarta Malam, so nake a buga ƙasa a duba ko wace ce, a mayar mata da abinta."

Ya ajiye allon a gefe. Can ya ce, "'Yar nan, kin ɓata ƙofa. Ni ba na buga ƙasa, ba na jifa. Addu'a na iya, ita kuma na yi miki. Masu wancan aikin daban suke, kuma ban aike ki wurinsu ba. Kin gaya wa Hajo?"

Na ce zan gaya mata.

"In ba ki gaya mata ba, ki je wurin disfensa ranar kasuwa. Ke ba ke ce Malama ba?"

Na fito ina cewa a raina ai shi ma tsoron matar yake ji.

Kwana na biyar, abinci ya daina shiga, idanuna sun faɗa. Na bi ta bayan gari na tafi gidan Magajiya, shugabar 'yan borin yankin. Na same ta a inuwa tana gyaran wake, mace mai jiki, da jan ƙyalle ɗaure a kai. Na zauna a tabarmarta ina susa, na kwashe labari na faɗa mata. Sai na rufe da maganar da har gobe nake jin kunyarta. Na ce, "Magajiya, tunda ku duka abu ɗaya kuke yi, na san za ki san ta. Ki roƙar mini ita ta sake ni."

Ta ajiye faifan wake a hankali.

"Mu su wa?"

"Ku... masu irin wannan aikin."

"Ke 'yar nan, uban wa ya ce miki abu ɗaya muke yi? A gidana za ki zauna ki haɗa ni da mayu? Ni iskoki nake yi wa hidima, su suka nemo ni, sai da na kwanta ciwo shekara guda aka yi mini girka. Ban taɓa cin kowa ba, masu ciwo ake kawo mini. Maye da ƙanƙararsa a ciki yake, ko ya gada ko ya saya, ba ruwansa da garaya ba ruwansa da turare. Boka saiwa da ɓawo ya sani, su ma kashi biyu ne, mai warkarwa da mai ɓatawa, kuma ba sa ga maciji da juna. Maharbi nasa na daji ne, don kada namun dawa su gan shi. Ko a cikinmu mai hawa daban, mai girka daban, mai kiɗa daban. Ke kin zo kin zuba mu a kwando ɗaya kamar waken nan!"

Na ba da haƙuri. Ta ƙare mini kallo sama da ƙasa, ta ce, "Ba wani iska a kanki. Iska ma yana zaɓe. Tashi ki je ki yi wanka ki sauya kaya, kin zauna kina ta susa a tabarmata kamar akuya."

Na ɗauka zagi ne. Ashe a duk yawon da na yi ba wanda ya ba ni magani na gaskiya kamar wannan.

Na koma gida na rubuta wa Baba wasiƙar ban kwana, da Turanci, shafi biyu, na raba wa ƙannena littattafaina, na sa a ƙasan akwati. Kwana na bakwai ya zo ya wuce ban mutu ba, na ce lallai rubutun Malam ne ya ƙara mini wa'adi. Abu ɗaya ya rage da na sani daga labaran makaranta: wanda mayya ta kama, maganinsa ita mayyar ta tsallake shi a gaban mutane, sai ta saki kurwarsa. Na ƙudura a raina duk inda na sake ganinta sai ta tsallake ni.

Ranar wunin biki, bayan azahar, tsakar gidan Goggo ba masaka tsinke. Dangin ango sun zo daga nesa, masu kiɗan ƙwarya sun baje, Magajiya na zaune gefe da jama'arta, har da uwargidan Malam Garba. Ni kuma na ci ado, na yafa gyalen nan, ina rarraba goro da hannu ɗaya ina susa da ɗaya. Sai na ji mata sun ɗauki guɗa: "Ga Iya Tani! An kawo randar amarya! Sannu da hanya, Iya!"

Na ɗago. Ita ce. Ta shigo da tukwane a ɗaure a kafaɗa, yadda matan Gbagyi ke ɗaukar kaya, surukarta na biye da ita da babbar randa. Ta sauke, ta gaisa da Goggo, sai ta fara waige-waige. Tana ganina fuskarta ta washe.

"Yauwa, 'yata, ke nake nema!"

Ta sa hannu cikin kayan ta fito da wata 'yar tukunya ja, ba ta fi dunƙulen hannu biyu ba, ta miƙo mini. Ta ce, "Ga shi. Daga sawunki na yi ta."

Farantin goro ya faɗi. Na ji wata murya tana ihu, "Kurwata kur! Kurwata kur! Mayya! Ta sa ni a tukunya!" Sai daga baya na gane muryata ce. Na zube a ƙasa a gabanta na miƙe samɓal, da adona da komai, kaina wajen turmi, ƙafafuna wajen masu kiɗa, ina kuka ina cewa, "Ki tsallake ni! Don girman Allah ki tsallake ni! Kwana tara ke nan kin ɗebi sawuna!"

Kiɗa ya tsaya. Wata akuya ce kawai ta ci gaba da cin goron da ya zube.

Abin da ya biyo baya ban taɓa tsammaninsa ba. Ina kwance ina jiran a taru a kaina, sai na ji wata tsohuwa daga dangin ango ta ce, "Tsaya tukuna. Sawu ta ce?"

"Sawu ta ce."

"To ai mayya ba ta ɗiban sawu. Me za ta yi da ƙasa? Ido kawai ya ishe ta."

"Ɗiban sawu aikin masu sammu ne," in ji wata.

"Sammu kuma ba a tsallake shi, karya shi ake yi."

"Kuma mai sammu ba ya kawo maka abin da rana tsaka a gaban mutane, binnewa yake."

Magajiya ta ɗaga murya daga inda take, "Na gaya mata! A gidana na gaya mata! Ba ta ji ba!"

Goggo ta juyo. "A gidanki? Yaushe ta je gidanki?"

Uwargidan Malam ta ce a hankali, "Mu ma ta zo mana."

Suka yi ta musu a kaina, mata da ko alif ba su sani ba a boko, kowace tana gyara wa 'yar'uwarta bayani dalla-dalla, ni mai shekara biyar a sakandare ina kwance a ƙasa kamar an shanya ni. Da a nan abin ya tsaya, da abin dariya ne kawai. Amma na juya ido na kalli Iya Tani.

Tana tsaye da 'yar tukunyar a hannu, murmushin ya tafi. Na ga wata mata ta jawo ɗanta daga kusa da ita ta ɓoye a bayanta. Na ji wata cikin dangin ango tana raɗa cewa ko ma dai mene ne, randar nan kada ta shiga ɗakin amarya. Surukar Iya ta fashe da kuka, ta ce, "Daga yau wa zai sha ruwa a randarmu? 'Yan mata uku ne a gidanmu, wa zai zo nemansu?"

Na sake cewa, a hankali yanzu, don bakina ya riga ya saba, "Ki tsallake ni, Iya."

Ta dube ni. Ta ce, "Ba zan tsallake ki ba, 'yata. In na ɗaga ƙafa na tsallake ki, na amsa ke nan. Ni da jikokina."

Sannan ta juya wajen mata, da Hausarta mai nauyi, ta yi bayani. Ramin da suke haƙar yumɓu tun zamanin uwarta ya ƙare shekara biyu da suka wuce, sai tsakuwa. Tukwane sai fashewa suke a wuta. Ta bi rafin nan sama da ƙasa da sanda tana tsokana, ba ta samu ba. Rannan ta ga wata yarinya da wani irin takalmi ta huda ƙasa a inda ita ba ta taɓa zato ba, ramin ya fito da yumɓu ja mai danƙo. Ta murza, ta sansana, ta ɗanɗana ta ji ba yashi. Washegari ta koma ta haƙo, ta gina ƙarama don gwaji, ta bushe, ta shiga wuta ta fito ba tsaga. Ta ƙwanƙwasa tukunyar da farce, ta yi ƙara tas.

"Na ce ta farko ba zan sayar ba. Ta mai ƙafar ce. Na yi ta tambaya har aka ce baƙuwar Hajo ce."

Ban taɓa fatan ƙasa ta tsage ta haɗiye ni ba kamar lokacin, ga shi ma na riga na rage mata aiki ina kwance a kanta.

Goggo ta matso ta tsaya a kaina. Ta ce, "Tashi zaune." Na tashi. Ta janye gyalen ta ga wuyana da kafaɗuna duk sun kumbura da susa. Ba ta taɓa gyalen da hannu ba, muciya ta sa ta ɗaga shi wajen rana, ta ƙura ido. Ta kira Magajiya, ta kira tsohuwar nan ta dangin ango, su ma suka leƙa.

"Ƙarara," in ji Goggo. "Gashin ƙarara ne ya cika shi fal. Ta kurmi kika bi ko?"

Na gyaɗa kai.

"Kwana tara kina yafa ƙarara a jikinki. Yaron goye ya san ƙarara. Kwana tara, a gidan ungozoma, kina yawon gidan malam da gidan bori!"

Wani wuri daga baya aka fara dariya, amma Goggo ta ɗaga hannu. Ta ce ba a gama ba. Ta sa aka ɗauraye sabuwar randar, aka cika ta da ruwa a nan tsakar gida. Ta karɓi 'yar tukunyar daga hannun Iya Tani, ta ɗebo ruwan da ita, ta miƙo mini. Ta ce, "Da bakinki kika ɓata, da shi za ki gyara. Faɗi da ƙarfi yadda kika yi ihun ɗazu."

Na durƙusa a gaban Iya Tani, na ce ƙarya na yi mata, ita ba mayya ba ce, ni ce ban san komai ba. Goggo ta ce na bayan ba su ji ba. Na maimaita. Sannan na kafa kai na sha. Ruwan yana ƙanshin sabuwar ƙasa. Bayana Goggo ta sha, uwargidan Malam ta yi bisimilla ta sha, Magajiya ta sha, uwar ango ta sha. Matar nan da ta ɓoye ɗanta ta daɗe tana kallo, sannan ta ɗebo ta ba yaron da hannunta. Sai a lokacin surukar Iya ta share hawaye, aka ɗauki randar da guɗa aka shigar ɗakin Asabe.

Bayan la'asar, an yi mini wanka da ruwan zafi an shafe ni da man kaɗe, ina zaune a bayan rumbu cikin tsohon zane ina ɓuya, sai ga Iya Tani za ta tafi gida. Ta tsaya. Na kasa ɗaga kai. Kuma (wannan shi ne ƙarshen rashin kunyata) sai na ji bakina ya tambaye ta, "Iya, to yanzu ba abin da zai same ni?"

Ta yi wata 'yar dariya da ba ta kai ciki ba. Ta ce, "Ba abin da zai same ki, 'yata. Gobe da safe za ki tashi garau. Ni ce zan ga yadda kasuwa za ta yi da ni ranar Laraba." Ta gyara ɗaurin zanenta ta wuce.

Na tashi garau kuwa. Abin da na koya shi ne, shi tsoro ma ashe fanni-fanni ne, kuma yana da malamansa. Nan gaba in zan firgita, zan fara zuwa wurin tsofaffi in tambaya wane iri ne ya dace da ni, kafin in kwanta a gaban mutane in jawo wa baiwar Allah abin da wanka da man kaɗe ba sa wankewa.